Sims 3 ko Sims 4, wanne ya fi sauƙin riƙe gida?

Ƙanwata, tambayarki dai ita ce kin haɗa gida na mutum 6 a The Sims 4, gem ɗin nan na kwamfuta da ake tafiyar da rayuwar mutane, uba da uwa da yara 4, kullum sai wani ya saki fitsari a tsakiyar falo wani kuma ya zube ƙasa don barci, sai wani ya ce miki ki koma The Sims 3 wai can ba su da wahalar riƙo haka. Ni a ganina ki zauna inda kike. Amma bari in jera miki su biyun ki gani da kanki, don wanda ya faɗa miki haka ba ƙarya ya yi ba, rabin zancen kawai ya ba ki.

Buƙatun dai iri ɗaya ne a duka biyun, guda 6: yunwa, bayi, barci, wanka, hira da mutane, sai nishaɗi. Ki ma gode Allah. Sims na farko da Will Wright ya yi a kamfanin Maxis a 2000, da Sims 2 na 2004, guda 8 ne, har da jin daɗin jiki da kyan ɗaki, wato kujera in ba ta da laushi matsala ce, kwano mai datti a ƙasa matsala ce, kowanne da nasa layin da yake sauka. Daga Sims 3 na 2009 aka rage suka koma 6, Sims 4 na 2014 ya bar su haka. To kin ga ba yawan buƙatu ne bambancin ba.

A Sims 3 abin da ke cin mutum nisa ne. Garin a buɗe yake gaba ɗaya, Sunset Valley misali, za ki iya tura uba wurin aiki, uwa ta tafi laburare, yaro yana filin wasa, duk kina kallonsu ba tare da an tsaya lodin ba, wannan kam daɗinsa ba a magana. Amma duk tafiyar nan agogo yana gudu, yunwa tana sauka, fitsari yana taruwa. Motar aiki tana zuwa ƙofar gida kamar awa ɗaya kafin lokaci ta tsaya tana hon, kuma mutumin naki abu ɗaya yake yi a lokaci ɗaya, in yana cin abinci to ci ne kawai, ga shi sai ya ɓata mintoci yana neman inda zai ajiye faranti ko yana tsaye yana jiran wani ya ba shi hanya a bakin ƙofa. Safiya guda kafin ya yi bayi ya yi wanka ya karya, motar ta gaji ta tafi. Mutum 1 ko 2 ba komai. Mutum 6 a warwatse cikin gari, idonki biyu ne fa.

Inda Sims 3 ya fi sauƙi, kuma nan ne mai ba ki shawara yake da gaskiya, shi ne yanayin zuciya. Layi ɗaya ne yake hawa yake sauka. Akwai ƙananan hotuna da ake ce wa mudlet, kowanne da makinsa, barci mai daɗi ya ƙara, abinci mai kyau ya ƙara, wari ya rage, a tara a cire abin da ya saura shi ne yanayinsa. Ko da wanka ya yi ƙasa, in ya kwana a gado mai kyau ya ci abinci mai daɗi, sai ɗaya ya rufe ɗaya ya tafi aiki lafiya lau.

Sims 4 shi kuma ya cire nisan ya kawo rigimar zuciya. Babu mota, lokacin aiki na yi mutum zai fita bakin titi ya ɓace, shi kenan. Amma kowace buƙata in ta sauka tana jawo wani hali: yunwa ko datti ko fitsari ya sa shi rashin sukuni, rashin nishaɗi ya sa ya takura, rashin hira ya jefa shi baƙin ciki, kuma halin da ya fi ƙarfi shi ke juya shi. Wanda ya takura za ki ce ya yi wani aiki ya ƙi, yaro a haka ba ya son taɓa aikin gida na makaranta. Wanda ya saki fitsari kuma abu biyu ya same shi lokaci ɗaya, tsaftarsa ta faɗi ƙasa warwas ga kunya, kuma kunya a Sims 4 in ta kai ƙarshe tana kashe babba, haka fushi, haka dariya in ta wuce kima. Za ki ga mai ɗaukar rai na gem ɗin, mai baƙar riga da lauje, ya shigo falo. A Sims 3 yunwa da wuta da ruwa da lantarki ne abin tsoro, kunya ba ta kashe kowa.

To me ya sa duk da haka na ce ki zauna? Saboda Sims 4 ya ba ki abin da Sims 3 ba shi da shi, mutum yana iya haɗa abu biyu ko uku. Ki ajiye tebur ko kujera inda ake hango talabijin, ki sa uwa ta dafa babban girki mai faranti 8, ki kira kowa ya zo ya ɗauka. Za su zauna suna ci suna kallo suna hira, yunwa da nishaɗi da hira duk suna cika tare, buƙata 3 cikin 6 a zama ɗaya. Ragowar ki ja shi ki jefa a firij kar ya lalace, gobe da safe kowa ya ɗauki nasa ba sai an kunna murhu ba. Har a kan masai mutum zai zaro waya yana dannawa nishaɗi yana hawa. Sannan in kika danna hoton buƙatar da ta yi ja, gem ɗin da kansa zai tura shi inda zai biya ta, ba sai kin je kina neman gado ko firij da linzami ba. Ga mai mutum 6 wannan kaɗai ya isa dalili.

Ni dai ina zargin gidanki ne matsalar ba gem ɗin ba. Bayi nawa kika gina? In ɗaya ne, kuma shawa da masai suna ɗaki guda, to kin yi gidan haya na unguwar Aboabo a Kumasi da asuba, mutum ɗaya a ciki biyar a layi kowa na rawa da ƙafa. Mutanen Sims ba sa shiga in wani yana ciki, na ciki zai kore su, in ma an faɗo masa sai kunya ta kama su duka biyun. Ki raba su, masai da ɗakinsa ƙarami, shawa da nata, ki yi aƙalla masai 2, kuma kar ki kai su can ƙarshen gida, ki sa ɗaya kusa da ɗakunan barci. Shawa ta fi baho sauri, baho na ranar hutu ne. Wannan gyaran a Sims 3 ma sai kin yi shi, can ma ya fi tsanani tunda sun fi jinkirin wuce juna a ƙofa.

Sai gado. Kuɗin farawa a Sims 4 simoliyon (kuɗin cikin gem) 20,000 ne ga mutum ɗaya, ana ƙara 2,000 kan kowane ƙarin mutum, kuma yawancin sababbin shiga a labule da fitilu suke ƙarar da shi su sayi gado mafi araha. Ki duba, kowane gado akwai lambar ƙarfin barci a jikinsa, mai araha yana jan lokaci kafin ya cika mutum, wani lokaci ma ya tashi da ciwon baya ya wuni cikin rashin sukuni. Gado tukuna, sai firij da murhu, ado daga baya. Kofi yana ɗaga mutum na ɗan lokaci amma yana cika mara, kar ki ba wanda zai fita. Wanda bai iya girki ba kuma ki fara shi da salak, ba ya buƙatar wuta, don murhu mai araha da ɗan koyo gobara ce, wannan duka biyun haka ne.

In cikin yaran naki akwai masu tatata, waɗanda aka ƙaro a Sims 4 a 2017, ko jarirai masu rarrafe na 2023, su a madadin hira kulawa suke nema, kuma ba sa iya wanka da kansu. Yara ba sa mutuwa da yunwa a kowanne, hukuma ce take zuwa ta ɗauke su, gidan ya rage. Su za ki fara dubawa kafin manya.

Maganin dindindin kowanne yana da shi, ana saye da makin da ake tarawa in mutum ya cika burinsa. Steel Bladder yana nan a duka biyun, mai shi ya huta da gudun bayi, a Sims 4 maki 2,000 ne kuma shi zan ce ki fara saya wa uwa da uba. Hardly Hungry mai rage yunwa ma duka biyun suna da shi. Sims 4 ya ƙara da Never Weary mai hana gajiya da Forever Full mai hana yunwa, masu tsada, ga wani ruwan magani mai araha, Sleep Replacement, wanda yake cika barci nan take, yana ceto ranar da jariri ya hana kowa rintsawa.

Cit kuma, wato lambobin yi wa gem wayo, ki danna Ctrl da Shift da C tare. A Sims 4 ki rubuta testingcheats true, ki riƙe Shift ki danna mutum, za ki ga Make Happy mai cika buƙatu da Disable Need Decay mai hana su sauka. A Sims 3 testingcheatsenabled true ne, can ma ya fi daɗi don da linzami za ki ja layin buƙatar sama, ko ki danna akwatin wasiƙa ki daskarar da na kowa. Ni ba na hana kowa, in gini ko labari kike so ki yi abinki. Amma in kika kashe buƙatun gaba ɗaya kwana kaɗan za ki gaji da gidan, don rigimar nan ita ce gem ɗin.

Akwai kuma maganar na'ura da aljihu, wadda mu nan Kumasi ba za mu tsallake ba. Sims 4 na asali kyauta ne tun Oktoba 2022, Sims 3 har yanzu sai kin biya, ga data ta sake saukewa. Mutane suna ɗauka tunda tsoho ne zai fi sauƙi a laftof, ba lallai ba ne, garin duka yake lissafawa lokaci ɗaya, in wasan ya yi nisa sai ya fara sanƙarewa, kuma an san shi da Error 12 wanda yake hana sebin, wato adana wasan. Irin laftof ɗin hannu na biyu da muke saya a Adum, mai ram 4 ko 8 da batirin da ya gaji, Sims 4 ya fi zama lafiya a kai, musamman in kin kunna Laptop Mode a cikin setin. Ga dumso, ɗaukewar wuta, wanda ba ya sallama. Sims 4 yana sebin da sauri, ki mai da shi al'ada duk dare in kin kwantar da su ki yi sebin kafin ki ƙara gudun agogo.

Sims 3 ki bar shi sai ranar da kike son mutum ɗaya tilo, ba aure ba yara, ya zaga gari ya yi kamun kifi ya yi wanka a jim ya kwana a bencin filin wasa, a nan kam Sims 4 bai kama ƙafarsa ba. Wannan gidan na mutum 6 kuwa, yau ki shiga wajen gini ki sayar da abin ado ki ƙara masai, ki canza gadon uwa da uba, ki buga kwana 3 na cikin gem ki zo ki faɗa mana ko har yanzu ana jiƙa falo.