Lens ya faɗi ƙasa: mai gyaran gari, cibiyar kamfani, ko sayen na hannu?

Wani ɗan'uwa a zauren nan, mai ɗaukar hoton biki, ya turo tambaya. Lens ɗinsa, Canon EF 24-105mm f/4L IS na farkon nan, ya suɓuce daga kan teburi ya faɗi bisa tayil. Filtar gaba ta farfashe, zobenta ya ƙi kwancewa, zum (zoben da ake juyawa a jawo hoto kusa ko a nesanta shi) yana cijewa tsakanin milimita 50 da 70, kyamara kuma takan nuna Err 01 jefi-jefi. Yana so ya san wanne ya fi: ya kai wa mai gyara a cikin gari, ya aika cibiyar kamfanin, ko ya haƙura ya sayi na hannu.

Malam, sannu da asara, Allah ya mayar da alheri. Abin da zai zaɓa maka hanya shi ne inda raunin yake, a waje ne ko a cikin jerin gilasan, kuma wannan kai ma za ka iya ganowa a gida kafin ka biya kowa ko sisi. Lens ɗin nan yana da gilasai 18 a rukuni 13, nauyinsa giram 670. Dukkansu a kan layi guda suke zaune, kuma gocewar da ba ta kai kaurin gashi ba ta isa ta ɓata gefen hoto. Filtar da ta fashe ita ce ta fi tayar da hankali a ido, amma ita ce ƙaramar matsala.

Fara da filtar. Kifa lens ɗin fuskarsa ƙasa, ka zare guntayen da hantsaki, sannan ka hure ɓurɓushin da famfon iska na hannu. Kada tsumma ya taɓa gilashin gaba kafin wannan, domin garin gilashi yana karce shafen da ke jikinsa kamar yashi. Zoben kuma kada ka matse shi da yatsu biyu, ƙara lanƙwasa yake yi ya cije. Danna shi a kan shimfiɗaɗɗiyar roba ka murza lens ɗin gaba ɗaya. In ya ƙi, bar wa mai gyara: zai rufe gilashin da kwali, ya yi tsaga biyu masu fuskantar juna a zoben da ƙaramin zarto, ya sa rular ƙarfe a ciki ya juya. Filta mai milimita 77 ce, ana samunta ko'ina.

Na biyu, gwajin Err 01. Ma'anar wannan saƙo a Canon ita ce kyamara da lens sun daina jin juna. Goge ƙarafunan nan masu ruwan zinare da ke gindin lens da tsumma mai laushi da ɗigon sifirit, ka mayar. Ɗauki hoto a f/4, sannan a f/8 da f/16 (lambobin faɗin ƙofar da haske ke shiga ta ciki ne, in lambar ta ƙaru ƙofar na ƙuntata), zum yana 24 da kuma yana 105. Idan f/4 ya ɗauka lafiya amma da ka ƙuntata ƙofar haske sai saƙon ya fito, fileks ɗin ƙofar haske ne, wato siririyar wayar nan mai kama da zirin leda da ke lanƙwashewa duk lokacin da aka juya zum. Dalili kuwa shi ne a f/4 ƙofar a buɗe take, ba a buƙatar ta motsa. Wannan sanannen ciwo ne a wannan samfurin ko bai faɗi ba, faɗuwar takan ƙarasa wayar da dama ta gaji.

Na uku shi ne mai yanke hukunci. Nemi abu mai nisa kuma mai kaifi, kamar hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis, da safe kafin zafi ya sa iska rawa, kuma ba ranar hazo ba. Sa f/4, kashe na'urar hana rawa, saurin ɗauka 1/1000 ko sama. Sa abin a tsakiyar allo, ƙara girmansa sau 10, daidaita fokas da hannu, daga nan kada ka sake taɓa zoben. Ɗauki hoto huɗu, abin yana kusurwa daban a kowanne. Maimaita a 24, 50 da 105, hotuna 12 ke nan. Kwatanta kusurwa da kusurwa, ba da tsakiya ba, domin kowane zum gefensa bai kai tsakiyarsa kaifi ba. In huɗun sun yi kama da juna, gilasanka na nan daram. In ɗaya ta yi dishi-dishi, ko hagu garau dama hazo-hazo, wani rukuni ya goce ko gindin ya karkace. Wanda lens ɗinsa ya faɗi yana manne da kyamara, ya maimaita gwajin da wani lens, domin bakin kyamarar ma yana lanƙwasa, sai a yi ta zargin lens a banza.

To, ga yadda hanyoyin uku suke idan aka jera su.

A kan raunin waje, mai gyaran gari ya fi. Cire zoben filta, miƙar da bakin da ya lotsa, canza gindin da ya karye, duk aikin yini ɗaya ne ko biyu, kuma kana iya tsayawa a yi a gabanka. Kamfani ba ya miƙar da ƙarfe, canza ɓangaren yake yi sukutum, ga kuɗin aikawa da jira. Sayen wani lens saboda wannan kuwa ɓarnar kuɗi ce.

A kan fileks, nan ne suke bambanta a salon aiki. Mai gyaran gari yakan sayi wayar kaɗai, abu ne mai araha ƙwarai, ya narke dalmar tsohuwar ya liƙa sabuwa. Kamfani yakan canza ƙofar hasken gaba ɗaya da injinta da wayarta. Na kamfani ya fi daɗewa galibi, domin wayoyin kasuwa ingancinsu ya sha bamban, wata ta yi shekaru, wata ta tsinke cikin watanni. Amma babban haɗarin ba a wayar yake ba. Kafin a kai ga ƙofar haske a wannan lens sai an wargaza shi kusan duka, kuma a hanya akwai abubuwa biyu da kowane lens yake da nasa daban: siraran washa da ke ƙarƙashin gindi da wasu rukunan gilashi, da ƙananan tayoyin roba masu gudu cikin kwarin gangar zum, waɗanda wasunsu raminsu ba a tsakiya yake ba da gangan, da su ake saita gilashi a masana'anta. Mai gyaran da ya san aikinsa yana yi wa kowanne alama kafin ya kwance, ya mayar da shi yadda ya same shi. Wanda bai sani ba zai zube su a faranti guda. Err 01 zai tafi, amma lens ɗin da ya shiga da gilasai lafiyayyu ya fito da gefe guda a dushe. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma shi ne ya fi yawa a lens ɗin da ake cewa "tun da aka buɗe shi bai dawo daidai ba".

Shi ya sa gwanin waya ba lallai ya zama gwanin lens ba. Masu gyaran waya na Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja hannunsu ya faɗa a kan dalma da fileks, amma saitin gilashi sana'a ce daban. Yi wa mai gyara tambaya uku. Ya taɓa buɗe wannan samfurin? Da wane sukuddireba yake aiki? Sukurorin kayan Japan ƙirar JIS ne, mai tsini irin na Phillips yana zamewa ya cinye musu kai. Sannan yaya yake gwada kaifin hoto bayan ya haɗa? In amsarsa ita ce ya ɗauki hoton titi ya duba a bayan kyamara, to aikin waje kaɗai za ka ba shi. Ka kuma dubi wurin aikin. Lens da aka buɗe a rumfar bakin hanya cikin hunturu zai rufe da ƙura a ciki.

Cijewar zum tana iya faɗawa kowane ɓangare. Idan ɗaya daga tayoyin robar nan ne ya fashe, ƙaramin abu ne, mai gyaran gari zai canza. Idan gangar ciki ce ta lotsa, sai sabuwa, kuma ita ba a cika samunta a kasuwa ba, sai dai a ciro daga mataccen lens. Alamar da ke raba su: taya da ta fashe takan sa hancin lens ya riƙa girgiɗi in ka taɓa shi, ko ka ji wani abu yana kaɗawa a ciki, ganga da ta lotsa kuwa tana cijewa a wuri guda kullum ba tare da girgiɗi ba. Ko wanne ne, daina tilasta zoben, kuma kada a ɗiga masa man keke ko a fesa masa wani abu. Mai yana bin ganga ya sauka kan ganyayyakin ƙofar haske ya manne su.

A kan gocewar gilashi, cibiyar kamfani ba ta da abokin takara. Suna da na'urar haska zane ta cikin lens, da littafin saitin kowane samfuri, da manhajar da ake rubuta wa lens sabon saitin fokas bayan an canza masa wani ɓangare. Mai gyaran gari yana iya matsowa kusa ta hanyar gwaji da kuskure, wani har ya dace, amma zum yana da wuya, domin a gyara 24 sai 105 ya ɓaci. Sai dai hanyar kamfani tana da nata ƙaya. Garanti ba ya ɗaukar faɗuwa, ko jiya ka saya. Ana iya cajin ka kuɗin dubawa ko ka ƙi gyaran. In ƙetare za a aika, lissafa kuɗin jigila zuwa da dawowa, inshora, abin da kwastan za su iya nema, da makonnin da za ka yi kana hayar lens. Abu mafi muhimmanci ga naka: ya fito a 2005, magajinsa mai lamba II ya zo a 2016, kuma kamfanoni sukan daina ajiye kayan gyaran samfuri bayan wasu shekaru da daina ƙera shi. Tura musu sunan samfurin da lambar jikinsa, su tabbatar maka a rubuce cewa suna karɓa, kafin ka ɗaure kwali.

Na hannu fa? Shi ne mafi sauri, yau ka biya gobe kana wurin kamu. Wannan samfurin ya yi yawa a kasuwa saboda an daɗe ana sayar da shi haɗe da kyamarorin Canon 5D da 6D, don haka farashinsa ya sauko. Amma ka tuna sa'an naka ne, fileks ɗinsa ma ya sha juyi, kuma ba ka san sau nawa ya faɗi ba. Yi masa gwajin f/4 zuwa f/16 da na kusurwa huɗu kafin kuɗi su bar hannunka. Haska tocila ta bayansa: ƙura kaɗan ba komai, amma zane mai kama da saƙar gizo fumfuna ce, an fi ganinta a kayan da suka zauna a wuri mai laima irin Legas da Fatakwal. Dubi kawunan sukurori huɗu na gindi, in sun cinye an taɓa buɗe shi da kayan da ba su dace ba. Mai sayarwar da ya hana ka gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Ma'aunin da muke bi shi ne, in kuɗin gyara da jigila da haya suka haura rabin farashin na hannu mai lafiya, saye ya fi. Da wannan ma'auni ƙananan lens ba sa zuwa kamfani sam. EF 50mm f/1.8 II, mai jikin roba da nauyin giram 130, in ya faɗi yakan rabe gida biyu, a maye shi da magajinsa, 50mm f/1.8 STM mai gindin ƙarfe, a wuce wurin. 18-55 na Nikon haƙoran gindinsa na roba ne ke karyewa, sabon gindi da 'yan sukurori sun gama magana, amma kada a sa masa sufa gulu, tururinsa yana barin farin tabo a gilashi. EF 50mm f/1.4 shi kuma in ya faɗi ta hanci alhali hancin yana miƙe, gangar fokas ce ke lanƙwasa. Irin su 70-200mm f/2.8 kuwa, mai kusan kilo ɗaya da rabi, kusan kullum gyaransa ya fi sayen wani, kuma a wurin masu na'urar saiti.

Game da naka, Malam, ga ra'ayinmu. In kusurwoyi huɗu suka fito iri ɗaya, kai wa mai gyaran da ya saba da 24-105, ya cire filta, ya canza fileks, ya duba tayoyin zum a buɗewa guda, domin kowace buɗewa haɗari ce. Ajiye hotuna 12 ɗin nan, ka nuna masa su tun farko, ku yi yarjejeniya cewa za a maimaita gwajin kafin ka cika kuɗi, kuma ya dawo maka da tsoffin kayan da ya cire. A rubuta lambar jikin lens a rasit. In kuwa kusurwa ta riga ta dushe, ga zum yana cijewa a wuri guda, to ganga da gilashi ne suka taɓu tare, kuma a tsohon lens irin wannan da wuya lissafin gyara ya fita. Sayi na hannu, naka kuma kada ka jefar: gilashin gaba, injin fokas, na'urar hana rawa da gindin ƙarfe duk kaya ne da masu gyara ke nema, sayar musu da shi ka rage kuɗin sabon. Hular tare haske da ake ɗaurawa a bakin lens, wadda ke zuwa da shi, EW-83H, za ta hau wanda za ka saya in samfurinsu ɗaya ne, ka riƙa barinta a jiki tana fuskantar gaba ko a cikin zauren biki, domin ita ke karyewa ta shanye bugu, filta kuwa miƙa shi take yi ga bakin lens.