Na'urar auna zafi ta nuna min ƙafar, awartakin likita ya gano ƙusar

Kowa ya tuna na'urar nan mai kama da bindiga da aka riƙa saita mana a goshi a ƙofar banki lokacin korona a 2020. Irinta na saya saboda akawal ɗina, wato baƙin dokina, sai dai tawa ta masu gyaran inji ce, mai auna zafin ƙarfe da bango, don ta goshi an saita ta ne da jikin mutum.

Da can dokin ba ya sa takalmi. Yawan kilisa a kan kwalta ne ya fara cinye masa kofato, na kira wani mai buga wa dawakin folo takalmi. Ranar da aka buga, lafiya lau. A kwana na uku yaron barga ya same ni da sassafe, ya ce, "Alhaji, dokin nan fa yana ɗingishi." Muka ja shi a fili. Duk sa'ad da ƙafar gaba ta hagu ta taɓa ƙasa sai ya ɗaga kai sama.

Gabana ya faɗi, domin mun ƙara masa gero saboda hawan Sallah, kuma yawan hatsi na kawo kumburin cikin kofato. Wannan ciwo yawanci ƙafafun gaba biyu yake kamawa tare, ka ga doki ya miƙa su gaba ya mayar da nauyinsa baya. A nan na'urar ta biya kuɗinta. Na auna daidai inda gashi ya haɗu da kofato, ƙafa huɗu bi da bi. Uku kusan kansu ɗaya, ta hagun ta zarce su da digiri 4. Ƙafa ɗaya, kwana uku bayan bugun takalmi: hankalina ya koma kan ƙusa.

Amma na'urar tana da sharuɗɗa, kuma takardarta ba za ta gaya maka ba. Ƙafar da rana ta daka za ta nuna zafi ko da lafiyarta ƙalau. Jiƙaƙƙen kofato kuma ya nuna sanyi. In ka ja baya kaɗan, sai ta haɗa da zafin ƙasa. Ni bayan sallar asuba nake aunawa, a inuwa, daga tazara ɗaya kullum. Lambar ƙafa guda ba ta da ma'ana sai an kwatanta ta da 'yar'uwarta.

Dalilin zafin kuwa, likitan dabbobi ne ya gano shi. Ya ɗora yatsu a bayan gaɓar da ke saman kofato, ya sa ni ma na taɓa: jijiyar na harbawa da ƙarfi, ta dama kuwa da ƙyar ake jin ta. Sannan ya ɗauko awartakin gwada kofato ya bi ƙusoshin yana matsa gindin kowacce. Da ya zo kan ta uku ta ɓangaren ciki, dokin ya fizge ƙafa. Aka cire takalmin, wani baƙin ruwa mai wari ya biyo ramin. Ƙusar ta kauce ta shiga kusa da nama, mugunya ta taru.

Muka riƙa jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da gishirin Epsom, a sa aidin, a naɗe. An kuma yi masa allurar rigakafin ciwon sarƙe-haƙora, wanda doki ke saurin kamuwa da shi ta irin wannan rauni. Kowace safiya ina aunawa ina rubutawa, ina ganin bambancin zafin na raguwa, kuma hakan ya kwantar min da hankali ƙwarai. Mai dawakin da ake buga wa takalmi duk bayan mako shida, ina ba shi shawara ya ajiye irin wannan na'ura a barga. Nawa dai an mayar masa da takalmi bayan kwana goma, aka bar wancan ramin babu ƙusa.