Wata uku ina neman sikelin da zan yarda da shi a Damagaram

Bayan ƙaramar salla ne lokotoro ya gwada mini tansiyon, wato awon hawan jini, ya ga 16 da 10, ya ce ya hau. Ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri da maji a miya, in riƙa tafiyar ƙasa, sannan in riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako ina rubutawa a karne, wato ɗan littafi. Ranar sikelin asibiti ya ba ni kilo 93, tsayina kuma mita 1 da santimita 72. A bayan takardar magani ya yi mini lissafin gane ƙiba: a ninka tsayi da kansa, a raba nauyi da abin da ya fito. Nawa ya ba da 31 da ɗoriya. Ya ce a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya daga 18,5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuwa ƙiba ce mai jawo ciwo. Cikin duk abin da ya lissafa mini, awon ne na ɗauka mafi sauƙi. Ashe shi zai fi ba ni yawo.

Na fara da yaran nan masu zagayawa da sikelin ƙasa a hammata. Wanda na samu yana zaune a bakin hanya kusa da Kasuwar Dole ranar Alhamis, ya shimfiɗa kwali, ya ɗora sikeli mai allura a kai. Dala biyar ya ce. Na cire takalmi na hau, allura ta yi rawa ta tsaya a 90. Raina ya yi fari, don kwana tara kacal ke nan da fara rage cin abinci. Amma da na sauka sai na lura allurar ba ta koma kan sifiri ba, ta kwanta can baya kaɗan. Na ce, "Yaro, dubi nan." Ya duƙa ya murza wani ɗan gare da ke ƙasan gilashin, ya ce, "Sake hawa, Baba, ba sai ka biya ba." Na sake hawa, 92. Muka ɗauke sikelin daga kan rairayi muka kai shi dandamalin siminti na wani shago, sai ga 93. Mutum ɗaya, minti biyar, amsa uku.

Ba na ganin laifin yaron ko kaɗan. Neman halalinsa yake yi, kuma ya fi wasu manya haƙuri da ni. Matsalar a jikin sikelin take: waya ce mai lanƙwasa a ciki, kullum ana yawo da shi cikin rana da ƙura, ana ajiye shi inda aka samu. In ƙasa ba ta da tauri ko ta karkace, nauyin ba ya sauka daidai a kan ƙafafunsa huɗu. Wanda yake son ya san ko yana wajen 60 ne ko wajen 80, wannan ya ishe shi. Wanda kuwa yake bin rabin kilo mako-mako kamar ni, zai koma gida da farin cikin banza ko ɓacin ran banza.

Wani abokina ya ce in gwada babban ma'aunin masu sayen tsohon ƙarfe, ko na awon kaya a tashar manyan motoci. Na je na masu ƙarfen sau ɗaya. Sun karɓe ni da fara'a, ba su amshi ko dala ba, amma ma'auni ne da aka yi domin buhu da tarin ƙarfe, kuma mutane goma na tsaye suna kallo. Ban koma ba.

Wanda ya fi kwanta mini a rai ta fuskar gaskiyar awo shi ne na ɗakin shan magani na unguwarmu. Irin na da ne, mai sanda a sama da 'yan duwatsun ƙarfe biyu da ake turawa, babba na goma-goma, ƙarami na ɗai-ɗai, har sai bakin sandar ya tsaya cak a tsakiya. Ba ya neman pil, ba ruwansa da ɗaukewar kuran. Majon wurin, wato babban ma'aikacin jinyarsu, ya auna ni sau biyu a jere, duka biyun 92 da rabi. Sai dai wurin ba domin irina aka tsara shi ba. Da safe mata masu awon ciki ne cike da benci, ga uwaye da goyo suna jiran a sa jarirai a wandon nan a rataya su a ma'aunin da ke lilo, a ɗaura musu ɗan tef mai ja da ɗorawa da kore a damtse don a gane tamowa. Na zauna kusan awa ɗaya. Da layi ya zo kaina majo ya ce, "Malam, in awo ne kawai, ka zo bayan la'asar, lokacin babu kowa." Na yi hakan sau biyu. Karo na uku na tarar an kulle ɗakin da sikelin yake, mai makullin ya fita. Kuma gaskiya nauyi nake ji in tsaya gaban uwar da ɗanta ke zazzaɓi domin abin da bai wuce minti ɗaya ba.

Daga ƙarshe a wani farmasi na tsaya, a kan hanyata ta zuwa aiki. Suna da sikeli mai nuna lamba, ajiye a kan tayil kusa da ƙofa, ba a matsar da shi. Wannan rashin matsarwar ita ce babbar darajarsa a wurina. Na jarraba shi yadda na jarraba na yaron: na hau sau uku, bambancin bai wuce giram 200 ba. Wata rana kuma na hau riƙe da gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, ya ƙara kilo ɗaya da rabi cif, tunda litar ruwa kilo ɗaya ce. Ba su taɓa cewa in biya ba, ko da yake a wurinsu nake sayen maganina na wata.

Aibinsa biyu. Pil ɗinsa ya taɓa mutuwa aka yi mako biyu ba a canja ba, sai gibi ya shiga karnena. Na biyun ya fi damuna: a fili yake, duk mai jiran magani yana ganin lambar. Mai ɗakina ma lokotoro ya ce ta riƙa awo saboda suga, amma ta je sau ɗaya ta ce ba za ta sake tsayawa gaban maza ana karanta nauyinta ba. Na ba ta gaskiya. Labule ɗaya da an ja a wannan lungu, da mata da yawa sun amfana.

Abin da ban sani ba da farko shi ne jikin mutum da kansa yana hawa yana sauka da kilo ɗaya ko biyu cikin yini. In ka sha fura da ruwa da yawa da azahar, ko ka wuni kana zufa cikin zafin bazararmu da ke haura digiri 40, lambar za ta canja ba tare da kitse ya motsa ba. Babbar riga da waya da makullai ma suna da nasu kason. Shi ya sa na tsayar da safiyar Litinin, kafin karin kumallo, da irin tufafi ɗaya, aljihu babu komai.

Wannan magana ta wuce ta masu son rage tumbi. Maƙwabcina mai ciwon zuciya an gaya masa in ya ga ƙarin kilo biyu cikin kwana uku ya garzaya asibiti, don ruwa ne ke taruwa a jiki. Shi kullum ya kamata ya hau, kuma ba ya iya doguwar tafiya, don haka 'ya'yansa suka haɗa kuɗi suka saya masa na gida. Haka wanda yake ramewa ba dalili, abin da kan zo da suga ko tarin fuka, sau da yawa sikeli ne zai fara nuna masa. A nan garin kuwa in mutum ya yi ƙiba cewa ake ya samu hutu, in ya rame a ce tunani ne. Ina roƙon masu kula da ɗakunan shan magani su fito da sikeli ɗaya baranda, a kan siminti, a bayan ɗan labule, yadda babba zai auna kansa ba sai ya shiga layin marasa lafiya ba.

Litinin ɗin da ta wuce na farmasin ya ba ni 89,4. Ranar Laraba zan koma wurin lokotoro da karnena, kuma zan roƙi a ɗora ni kan na asibitin, in ga tazarar da ke tsakaninsu in rubuta ta a shafin farko.