Gargaɗi: masu sayar da "GTA 6 na waya" ɓarayi ne

Assalamu alaikum jama'a. Cikin sati biyu mutum huɗu suka kawo min waya shago da ciwo iri ɗaya, na huɗun kuwa ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya. Gyaran waya nake yi, ina kuma tura wa mutane gem da manhajoji, don haka abin da zan faɗa a kan teburina na gan shi.

Akwai wasu da ke baza tallar bidiyo a TikTok da Facebook, daga nan su ja ka zuwa zauren WhatsApp ko Telegram, wai suna da GTA 6 na waya, wato sabon gem ɗin GTA da ake ta jiran fitowarsa. Za ka ga hannu riƙe da waya, mota na sheƙa gudu a bakin teku, an ɗora hotunan maɓallai a gefen allo kamar da gaske ana bugawa. Sai su ce wai kamfanin da ke yin gem ɗin ne ya ba mutum ɗari damar gwaji, saura gurbi bakwai, ka turo dubu biyar a ba ka linki. Kullum saura gurbi bakwai. Na bi zauren kwana uku ina kallo, bakwai ɗin nan ba ta taɓa komawa shida ba.

Na san dalilin da ya sa yara ke faɗawa, domin ni ma jiran nake. GTA 5 ya fito tun Satumbar 2013, wanda yake firamare a lokacin yau ya isa aure. Mu da muka ƙare kuɗin tara a gidan gem kan tsofaffin GTA irin su San Andreas da Vice City, da kamfanin gem ɗin, Rockstar Games, ya saki tallar farko ta GTA 6 a Disambar 2023 muka ga an koma birnin Vice City, cikin wata jiha mai suna Leonida da aka kwaikwayo daga Florida ta Amurka, ai barci ƙaura ya yi. Aka ce zai fito a 2025. Sai aka ɗaga zuwa 26 ga Mayun 2026, aka sake ɗagawa zuwa 19 ga Nuwamban 2026. Wannan jan rai shi ne jarin 'yan damfara, sun san mai jin yunwa ba ya tsayawa duba tukunya.

To ku riƙe wannan: na'urori biyu kawai kamfanin ya ambata, PlayStation 5 da Xbox Series X da S. Ko kwamfuta ba a sa a ciki ba, balle waya. GTA 5 ma sai a Afrilun 2015 ya iso kwamfuta, bayan fiye da shekara ɗaya da rabi, kuma har yau Rockstar bai fitar da shi a waya ba. Wanda ya kai shekara goma sha biyu bai sauko waya ba, ta yaya ƙaninsa da ba a haifa ba zai riga shi shiga wayar da ko hoto ka ɗauka sai ta ce wuri ya cika? Bidiyon da suke nunawa yankan talla ne, ko kuma guntayen da aka sace daga kamfanin a Satumbar 2022 aka watsa a intanet. Bidiyo suke kunnawa a wayar, suna motsa yatsa a kai.

Na buɗe fayilolin da aka tura wa mutum huɗun nan. Biyu daga ciki tsohon San Andreas ne aka canza masa hoton shiga aka rubuta VI, wato 6, aka cusa wasu motoci. Waɗannan sun yi sa'a, dubu biyar da giga uku na data kawai suka rasa. Ɗaya kuma ba ya buɗewa sam, sai ya ce ka sauke wasu manhajoji biyar tukuna don a tabbatar kai mutum ne, kana gamawa ya ƙaro biyar. Duk wadda ka sauke, wani yana cin kwamisho a kanka.

Na ƙanena shi ne mai muni. Fayil ɗin ƙarami ne, bai kai mega talatin ba, wanda wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya ja baya. Da ya zo sakawa wayar ta yi masa kashedi, amma tun farko mai sayarwar ya gaya masa cewa za ta yi hakan, wai saboda gem ɗin na sirri ne, ya kashe Play Protect, wato mai gadin waya daga miyagun manhajoji, ya ci gaba. Sai abin ya nemi izinin karanta saƙonni, ya kuma nemi a kunna masa Accessibility a saitin waya. Wannan izini na biyu an yi shi ne don taimaka wa masu larurar gani da makamantansu, yana ba manhaja damar ganin duk abin da ke kan allo, har ta danna maɓalli a madadinka. Ka haɗa shi da karanta saƙo, ka ba ɓarawo lambar sirrinka lokacin da kake rubuta ta, ka ba shi OTP ɗin da banki zai turo. Gem bai buɗe ba, hotonsa ma ya ɓace daga allo, yaron ya ɗauka asarar dubu biyar ce ya yi shiru don kunya.

Washegari da asuba ya same ni jiki na rawa.

"Yaya, kuɗin Umma babu."

Kuɗin adashin mahaifiyarmu ne da ta ba shi ajiya a asusunsa, dubu tamanin da 'yan kai. An kwashe su cikin dare kashi uku, kuma ko alat ɗaya bai gani ba domin manhajar tana goge saƙon da zarar ya shigo. Na ce, "Kai, me ya hana ka tambaye ni, ga ni a gida ɗaya da kai?" Ya ce ya san zan yi masa dariya. Wannan magana ta fi kuɗin yi min zafi, gaskiya, don da na yi ɗin.

Idan ka riga ka saka irin wannan fayil, kashe data da Wi-Fi nan take. Ari wayar wani ka rufe asusunka, bankuna suna da lambar da ake dannawa don rufe asusu ko da ba daga layinka ba, sannan ka je reshe da kanka ka shigar da koke a rubuce da hotunan hirar da lambar asusun da ka tura wa kuɗi. Saurin zuwa yana da amfani, wani lokaci akan iya tsayar da kuɗin kafin su fice daga asusun da suka faɗa. Kana iya kai ƙara EFCC ko wurin 'yan sanda. Canza lambobin sirri na banki da Gmail da Facebook daga wata wayar daban. Ita kuwa mai ciwon, goge manhajar kawai bai wadatar ba, kwashe hotunanka a yi mata wankin gaba ɗaya ta koma kamar sabuwa.

Masu PS5 ma kada ku ce kun tsira. Akwai masu cewa ka biya rabin kuɗi yanzu su ajiye maka faifai, ko su ba ka asusun da wai an riga an saya a ciki. Sayen gaske a PlayStation Store ko shagon Xbox ake yin sa, ko wurin dilan da ka san ƙofar shagonsa. Wani fom kuma yana yawo na "masu gwajin gem" da ke neman BVN da NIN. Me kamfanin Amurka zai yi da BVN ɗinka?

Mun kai koke, har yanzu muna jira. Wanda ya damfari ƙanena ya toshe shi tun daren, ya canza suna da hoto, amma jiya na ga bidiyon nan dai, hannun nan dai, a wani sabon shafi. Ya ƙara kuɗin zuwa dubu bakwai da ɗari biyar.