Lasin adon harshe a Tudun Wadar Gombe: ƙarfinsa da inda ya gaza

A wata makarantar kuɗi da ke Tudun Wada cikin garin Gombe, ana buɗe aji guda duk Asabar da Lahadi bayan la'asar, daga ƙarfe 4 zuwa 6, domin masu shirin zana Hausa a WAEC, NECO da JAMB. Abu ɗaya ake koyarwa, wato adon harshe: yadda mawaƙi ko marubuci ke lanƙwasa magana har ta faɗi abin da ya wuce zahirinta. Zango ɗaya mako 8 ne. Ana biya wata-wata, kuɗin takardun darasi kuma daban.

Sunayen da malamin ke amfani da su su ne waɗanda aka saba da su a tsarin feɗe waƙa na Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero: kamantawa, siffantawa, jinsintarwa, alamtarwa, kambamawa da sauransu. Wannan ya yi daidai, domin da su ɗalibi zai ci karo a takardar jarrabawa. Amma ba haddar sunayen ba ce ƙarfin ajin. Ƙarfinsa tambayoyi uku ne da ake yi wa kowane ɗango, wato layin waƙa, kafin a laƙaba masa suna: me aka ambata, da me aka haɗa shi, wace siffa ce ta tashi daga wannan ta sauka kan wancan? Wanda ya kasa amsa ta ukun bai gane ɗangon ba, ko da ya canki sunan daidai.

Makonni biyun farko na kamantawa ne, kuma a nan ne lasin ya fi cin kuɗinsa. Yawancin ɗalibai sun zo da wata doka da suka haddace, cewa duk inda aka ga "kamar" to kamantawa ce. Malamin yakan rubuta jimloli uku a allo. "Fuskarta kamar wata daren sha huɗu." "Kamar za a yi ruwa." "A jihar nan akwai ƙabilu kamar Tangale, Tera da Waja." Sai ya ce, "Ke 'yata, wanne ne ado a ciki?" Ta farkon ce kaɗai, domin ita ce ta ɗauko hasken wata ta ɗora wa fuska. Ta biyu zato ce, ta uku jero misalai. Haka yake yi wa kamancen fifiko: "Gombe ta fi Kumo yawan jama'a" magana ce tsurarta, don abubuwa biyu masu jinsi ɗaya aka auna, amma "maganarsa ta fi zuma zaƙi" ado ce, tunda magana ba a lasarta. Daga nan ake shiga kamancen kasawa, mai zuwa da "bai kai", "ya kasa" ko "ya gaza". Wanda ya sha wannan horo ba ya sake faɗawa tarkon tambayoyin zaɓi.

Siffantawa ba ta ɗaukar lokaci. A cire "kamar" daga "Audu kamar zaki", a ce "Audu zaki ne", an gama. Inda ake daɗewa shi ne jinsintarwa, saboda rassanta uku suna rikita yara. "Yunwa ta ƙwanƙwasa ƙofa" mutuntarwa ce, an ba yunwa aikin ɗan Adam. "Ya tsaya bakin kasuwa yana gurnani" dabbantarwa ce. "Da ya ji labarin sai ya narke" abuntarwa ce, an mai da mutum kitse ko man shanu. Dabarar da ake ba su mai sauƙi ce: a ja layi ƙarƙashin aikatau, a tambaya wane ne aka san shi da wannan aiki a zahiri. Kuskuren da ya fi yawa shi ne duban suna a bar aikatau, sai yaro ya ga "yunwa" ya rubuta abuntarwa don yunwa ba mutum ba ce.

Akwai wani gyara da ba ya cikin manhajar lasin amma yana da amfani ƙwarai a wannan yanki. Hausar Bauchi da Gombe takan haɗe jinsin mace da na namiji a wasu wurare, a ce "motan malam" ko "rigan nan". A baki ba laifi ba ne, karin harshen gida ne. A takardar amsa kuwa Daidaitacciyar Hausa ake nema, don haka duk aikin gida sai an zagaye irin waɗannan da jan biro.

To, ga inda aka gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce.

Takardun darasin an buga su ne da kwamfutar da ba a saka mata haruffa masu ƙugiya ba, aka bi da biro ana gyarawa kafin a yi fotokwafi, gyaran kuma bai game ko'ina ba. A wani shafi an so a rubuta "ƙura ta lafa" a matsayin misalin alamtarwa, inda wani abu ke tsayawa a matsayin alamar wani: lafawar ƙura na nufin rikici ya kwanta. Abin da ya fito shi ne "kura ta lafa". Ɗalibi mai bin ƙa'idar ajin da gaskiya zai ga dabba, ya tafi neman dabbantarwa inda babu ita. A darasin karangiya, wanda gaba ɗayansa a kan maimaita sauti yake, haɗe k da ƙ ko d da ɗ yana rushe misalin tun daga tushe. Wannan abu ne da allon rubutun Hausa na waya ma zai magance.

Na biyu, waƙa ta cinye zangon. Mako 6 cikin 8 na baiti da ɗango ne, har da amsa-amo da gangara, wato zarcewar ma'anar ɗango zuwa ɗangon da ke biye. Zube da wasan kwaikwayo an cusa su a makonni biyun ƙarshe, alhali a can ne habaici, zambo da gatse suka fi yawa, kuma su ba a gane su daga jimla ɗaya. Zambo yana nuna wanda ake yi wa, habaici yana sakaya shi. "Wasu dai ba sa gaisuwa sai da dalili" ba ta zama habaici sai an san wa ya faɗa, a gaban wa, bayan me ya faru. Wannan na buƙatar karanta shafi biyu ko uku a jere, ajin kuma bai ware wa hakan lokaci ba. Karin magana ma ana ba da jerinta ne da ma'anoni a haddace, ba a nuna yadda marubuci ke datse ta, ya kawo rabin farko ya bar mai karatu ya ƙarasa.

Lokacin ma yana karo da Islamiyyar yamma ta yara da yawa, kuma idan jarrabawa ta matso ajin yakan cika har aikin gida ya yi mako biyu bai dawo ba. Gara a shiga tun zangon karatu na farko na aji uku na babbar sakandare, kafin cunkoson. Mai son shiga ya tafi da littattafan da hukumar jarrabawarsa ta zaɓa na shekarar, domin lasin ba ya bayar da su, sannan ya nemi a ba shi takardar da aka riga aka gyara wa ƙugiyoyi.