Shekara biyu ina bin tsuntsaye da Sigma 150-600

Ranar da na fara ɗaura wannan dogon gilashin ɗaukar hoto daga nesa a kyamarata, rana ta riga ta take kafin in isa bakin tafki. Ga wani zalɓe can tsallaken ruwa, tsakaninmu ya yi mita 70. Na zuƙo har ƙurewarsa, wato milimita 600, na yi ta dannawa kamar an biya ni. Da na koma na buɗe hotunan a kwamfuta, sai na ga zalɓen kamar an shafa masa man shafawa, ba a ganin gashi ko ɗaya. A daren nan har na fara tunanin mayar da kayan. Ashe laifina ne. Iskar da ke saman ƙasa mai zafi rawa take yi, irin kawalwalniyar da ake gani a kan kwalta, kuma dogon gilashi yana zuƙo wannan rawar tare da tsuntsun. Ko wane gilashi ka riƙe a wannan lokaci, daga wannan nisa, abin da za ka samu ke nan.

Cikakken sunansa Sigma 150-600mm f/5-6.3 DG OS HSM Contemporary. Kamfanin Japan ne ke yin sa, ya shiga kasuwa a 2015, kuma yana da wa mai suna Sports wanda ya fi shi nauyi da kusan kilo ɗaya. Nawa gram 1,930 ne. A takarda ba wani abu ba ne, amma ka ɗaga shi zuwa ido kana jiran kurciya ta juyo da fuska, kafin minti biyu hannun hagunka zai fara roƙon arziki. Watannin farko da sanda mai ƙafa ɗaya nake tallafe shi. Yanzu hannu ya saba, sai dai in zan daɗe zaune a wuri guda. Wani abu da na koya a makare: kada ka bar shi yana lilo a jikin kyamara da igiyar wuya, ka riƙe shi ta ƙafarsa, domin nauyin ya fi ƙarfin bakin kyamara.

Ni a Nikon D7200 nake ɗaura shi. Sensarta, wato ɗan farantin cikinta da hoto ke sauka a kai, ƙarama ce, saboda haka 600 ɗin yana ba da faɗin gani daidai da 900 a babbar sensa. Wannan lamba ce ta ruɗe ni kafin in saya, na ɗauka daga inda nake tsaye zan ƙirga gashin idon kowane tsuntsu. Ga lissafin da ya dawo da ni hayyacina. Ƙaramin tsuntsu mai tsawon santimita 15, in yana nisan mita 20, hotonsa a kan sensa milimita 4.5 ne kacal, alhali faɗin sensar ya ɗan haura milimita 23. Wato bai kai kashi ɗaya cikin biyar na faɗin hoton ba. Ka matsa zuwa mita 8, sai ya cika kusan rabi. Duk hotunan da nake alfahari da su, waɗanda ake ganin layin kowane gashi da ɗigon haske a cikin ido, tsakanin mita 5 zuwa 12 na ɗauke su. A wannan tazara gilashin nan ba ya jin kunyar kowa. Aikinsa shi ne ya ba ka damar tsayawa daidai inda tsuntsu bai fara tsarguwa da kai ba, sauran tafiyar kuma ƙafarka da haƙurinka ne za su yi ta.

A 600 ƙofar haskensa ba ta wuce f/6.3, kuma iya girman wannan lamba iya ƙanƙantar ƙofar. Manyan gilasan ƙwararru masu 600 f/4 suna shigar da haske ninki biyu da rabi na wannan, amma nauyinsu ya kai kilo 3, kuɗinsu kuma ninkin ba ninki ne. To a nan ake biyan bashin sauƙin. Tsuntsu ba ya zama shiru, ko yana kan reshe kansa na motsi, don haka a saurin ɗauka ba na sauka ƙasa da 1/800 na daƙiƙa in da hali, mai tashi kuwa 1/2000 ko sama. Da hantsi ba matsala. Amma a ƙarƙashin inuwar itatuwa ko gab da magariba, ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske, kan haye 3200, hoto ya fara yin yashi-yashi. Akwai wata mujiya da na yi kwana uku ina yi wa sintiri da almuru, abin da na samu bai wuce shaidar cewa na gan ta ba. Kuma ga idona, hoton ya fi kaifi in na ɗan tsuke ƙofar zuwa f/8, wanda ke ƙara cin hasken da dama bai wadata ba. In rana ta fito sosai a f/8 nake zama. Ko don zurfin fokas ma ya kamata: a mita 8 da f/6.3, abin da ke fitowa tas bai kai santimita 5 ba, sai ka kama ido jela ta narke.

Maɓallan da ke gefensa huɗu ne, kuma wanda ya fi yi mini amfani shi ne mai taƙaita nisan fokas. Yana da matsayi uku: duka, daga mita 10 zuwa can ƙurewa, ko daga mita 2.8 zuwa 10. Kafin in gane shi, shirwa za ta gifta, gilashin ya tafi neman ta tun daga gaban hancina, kafin ya dawo ta yi nisa. Da na fara kafe shi a mita 10 zuwa sama, sai manyan tsuntsaye masu tafiya a miƙe, irin su balbela da shirwa, suka daina kuɓuce mini. Tsattsewa kam har yau tana ba ni kashi, in na samu ɗaya cikin hamsin na gode Allah, kuma ban ɗora wa gilashin ba, ko gano ta a cikin ɗan ramin kallo a 600 aiki ne. Dabarar da ta taimake ni ita ce in fara kama tsuntsu a 300, sannan in murɗa zuwa gaba. Wanda yake da gilashin da ba ya zuƙowa ba shi da wannan gata.

Na'urar hana rawa tana da matsayi biyu, na ɗaya don abin da ke tsaye, na biyu don bin mai tafiya. Tana aiki, amma rawar hannunka take gyarawa, ba ruwanta da motsin tsuntsu. Akwai kuma makullin da ke riƙe zuƙowa a kan lambobin da aka rubuta, yana hana hancin zazzagowa in ka sunkuyar da shi kana tafiya.

Hancin nan yana miƙewa sosai in ka zuƙo, kuma kariyar ƙura da yayyafi a gindinsa kawai take, wurin da yake haɗuwa da kyamara. Wansa Sports ne aka rufe ko'ina. Saboda haka ina yawo da rigar leda a jaka, in hadari ya haɗo in lulluɓe shi. Filtarsa milimita 95 ce, ni ban taɓa saka masa ba, hular gabansa ta ishe ni kariya. Ƙafar da ake ɗaura shi da ita gajera ce, na ƙara mata dogon faranti don in samu wurin kamawa. Na'urar ƙarin zuƙowa ta 1.4 tana kai shi 840, amma ƙofar ta koma f/9, yawancin kyamarori masu madubi a ciki irin tawa kuma daga f/8 fokas ɗinsu ke fara gajiya. Na ari ta wani aboki na gwada yini ɗaya, na mayar masa.

Wa zan ce ya saya? Mai kyamarar Canon ko Nikon mai madubi, wanda yake son fara ɗaukar tsuntsaye da gaske kuma yawancin fitarsa da safe ce a fili, wannan zai yi masa shekaru. In inuwar kurmi ce wurin aikinka, ka duba Nikon 200-500 mai f/5.6, ka rasa 100 a tsawo ka ɗan samu haske, ko da yake ya fi nauyi. Mai kyamara marar madubi kuwa gara ya nemi wanda aka ƙera don ita, kamar Sony 200-600 na 2019 wanda hancinsa ba ya fitowa, maimakon ya haɗa wannan da adafta.

Zalɓen nan na koma masa bayan wata biyu. Na isa tun duhu bai gama washewa ba, na zauna a cikin ciyawa kyamara a kan gwiwa, ƙafata har ta yi sanyi. Shi da kansa ya tako yana farautar kifi har ya zo kamar mita 10. Sai da na rage zuƙowar sosai kafin ya shiga hoton gaba ɗayansa.