Koha ko DSpace: da wanne za a fara?

Malama, barka da dawowa daga taron ƙungiyar ma'aikatan laburare. Kin ce an yi ta ambaton Koha da DSpace, manhajojin kwamfuta na aikin laburare, ga shi shugaban kwalejinku ya ce kuɗin da ke ƙasa na abu ɗaya ne, ki zaɓa. Kin kuma ce har yanzu da katin kwali da rajistar aro kuke aiki.

Su biyun ba kishiyoyi ba ne. A wurin taro akan jero su a zama ɗaya, shi ya sa mutum yake ɗauka aikinsu guda. Koha tana kula da littafin da ke kan kanta: ina yake, wa ya ara, yaushe zai dawo da shi, nawa ce tararsa in ya makara. DSpace kuwa rumbu ce ta abin da makaranta ta rubuta da kanta, kundin digiri, maƙalun malamai, laccar ƙaddamar da farfesa, a ajiye su a intanet kowa ya sauke. Koha za ta gaya wa ɗalibi inda zai sami littafi. DSpace za ta miƙa masa takardar sukutum.

An ƙirƙiro Koha a New Zealand a 1999 saboda laburaren gundumar Horowhenua, ta fara aiki a farkon 2000, sunanta ma kyauta yake nufi a harshen Maori. DSpace ta fito a 2002 daga jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin HP. Duka biyun ba a sayen lasisinsu. To amma kyautar irin ta ɗan akuya ce, ciyarwa tana wuyanki.

Wajen girkawa Koha ta fi sauƙin kai. Kwamfuta ɗaya mai ɗan ƙarfi da aka sa wa babbar manhajar Debian ko Ubuntu (nau'o'in Linux) ta isa, kuma za ta yi aiki tsakanin kwamfutocin laburare ko da babu intanet. DSpace, musamman daga fitowa ta 7, tana son ma'aikacin da ya iya yaren kwamfuta na Java, da saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da rumbun, wadda ba ta kwana. Rumbun da ake kashewa ƙarfe huɗu in an tashi aiki, Google Scholar, injin neman rubuce-rubucen ilimi, ba zai same shi ba, alhali don a same shi aka gina shi. Jami'ar Jos da Jami'ar Ahmadu Bello sun gina nasu rumbun a kan DSpace, sai dai su suna da dubban kundayen digiri na biyu da na uku da ma'aikatan kwamfuta na dindindin.

Abin da ba a cika faɗa a taro ba shi ne shigar da bayanai, kuma nan aikin yake. A Koha kowane littafi sai an yi masa rajista a tsarin rubuta bayanan littafi irin MARC21, an manna masa bakod. Littafin da aka buga a waje da sauƙi: ki saka lambar shaidarsa ta ISBN, ta hanyar Z39.50 da laburare ke musayar bayanai da ita ki jawo bayaninsa daga Laburaren Majalisar Amurka, ki gyara kaɗan, shi ke nan. Littattafanmu na Hausa da aka buga a Kano ko Zariya, da yawa ba ISBN, wasu ko shekarar bugu babu, sai an zauna an buga komai da hannu. A DSpace guraben cikewa kaɗan ne, na wani tsari mai sauƙi da ake kira Dublin Core, amma kafin nan sai an yi sikanin kundin shafi-shafi, an kuma sami izinin mai shi. Malamai da yawa suna ɗari-ɗari, wai za a kwafe musu aiki.

Na taɓa aiki a wata kwaleji inda muka yi wata shida muna shigar da littattafai. Ranar wata Litinin aka dawo da wuta da ƙarfi, kwamfutar ta yi ƙaurin ƙonewa, ba kwafi ko ɗaya a waje. Katunan kwalin da muka kusa zubarwa su suka cece mu.

Ni a wurinki da Koha zan fara. Ɗalibanki gobe da safe littafi za su zo nema, kuma za ki san abin da ya ɓace daga kanta, wanda rajistar hannu ba ta taɓa nunawa. Kundayen ɗalibai kuwa, ki fara karɓar kwafinsu na PDF daga bana kina tarawa da takardar izini, ranar da DSpace ta samu kin riga kin rage rabin aiki. Cikin kuɗin nan ki ware na inbata da batir, da faifan ajiya na waje da za a riƙa kwafe bayanai a kansa duk Juma'a, a kulle shi a wani ofis dabam. Ki faɗa mana adadin littattafanku, sai a ƙiyasta hannu nawa aikin zai ci.